Ɗorawar Baba Ilu

Kafin in sa kakin gadi, ni manomi ne a Zandam, ƙasar Gwaram. Ban tara komai ba, amma duk zauren da na yi sallama za a ce mini shigo. Ku matasa ku riƙe wannan, don shi ne abin da na sayar.

Wasu shekaru bayan an ƙirƙiro Jigawa, wani babban kamfani ya sayi gonaki a yankinmu don noman rake. Masu shi ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da muka gani waya ce mai ƙaya, da karnuka, da wani kamfanin tsaro da suka ɗauko ya tsare musu filin. Shugaban masu gadin, wanda muke kira Oga, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya amsa gaisuwa. Ya ce yana neman ɗan gari da ya san kowa, na kai kaina. Ranar da ya miƙo mini kaki da kulki ya ce, "Ba ƙarfinka nake so ba, sunaye nake so." Na yi dariya, na ɗauka wasa ne.

A wajenmu, in ka sayar da gona ba ka sayar da itatuwanta ba, sai in an faɗa gaban shaidu. Takardar kamfani ba ta san da haka ba, amma ni na sani. Baba Ilu, aminin mahaifina, wanda ya raɗa mini suna, yana da ɗorawa uku da waya ta zagaye. Da kalwarsu matarsa Inna Tabawa take daddawa, da ita suke ci. Da ɗorawa ta nuna ya zo ƙofar da nake tsaro, maƙata a kafaɗa, ya ce, "Ɗana, a buɗe mini in ɗebi abina." Na buɗe, amma na ce rabi nawa ne. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to.

Abin ya yi mini daɗi. Daga ɗorawa na koma karɓar ƙwai a hannun mata masu itace, daga nan na kai ga bututun ban-ruwa na kamfani, ina kwashewa ina kai wa wani ɗan gwangwan a Birnin Kudu. Ɓera ya samu ɗaki babu kyanwa.

Wata Talata Oga ya tara mu a rana. Ya ce masu kamfani sun ga bututu na ɓacewa, kuma kafin la'asar yana son suna. Idonsa na kaina. Tsoro ya kama ni. Na ce akwai wani tsoho da ke shiga ta wajen ɗorawa.

A gindin bishiyarsa suka sami Baba Ilu, ni ina gaba ina nuna hanya. Da aka saki karnuka ya juyo ya ce, "Ɗana, gaya musu kai ka buɗe mini." Oga ya tambaye ni ko na san shi. Na ce ban san shi ba. Oga ya miƙo mini kulkina, ya ce in fara dukansa. Na fara.

Kwana huɗu Baba Ilu ya yi a asibiti ya cika. Gari ya tashi, 'yan sanda suka shigo, ɗan gwangwan ya faɗi wanda ke kawo masa bututu. A kotu lauyan kamfani ya ce su rake suke nomawa, ba su da mai gadi ko ɗaya. Kamfanin tsaro ya kawo takarda cewa an kore ni tun ranar Litinin. Oga kuwa an ce an mayar da shi wata jiha, karnukan ma an tafi da su. Ni kaɗai na rage a akwatin tuhuma, kuma gaskiya hannuna ne ya fara.

Na shiga kurkuku da baƙin gemu, na fito da furfura. Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara kullum. Da na dawo na wuce gidan Inna Tabawa na durƙusa. Ta tsufa, an sare ɗorawar, tana sayen daddawa a kasuwa kamar baƙuwa. Ta ce, "Shi ya yafe maka tun a gadon asibiti, ya ce tsoro ne ya kama yaron. Ni dai ba dukan ba ne ya tsaya mini. Cewa da ka yi ba ka san shi ba." Ta shige ɗaki ta bar ni a ƙasa.

Gadi ba haramun ba ne, akwai masu cin halal da shi. Amma ku kiyayi ƙwan farko da za a ba ku a bakin ƙofa. Kuma duk wanda ya ba ku kaki ya ce sunayen mutanenku yake so, ku ajiye masa kayansa ku koma gona. Ranar da ta ɓaci zai tattara karnukansa ya tafi, ku kuwa a garin nan za a binne ku, kusa da waɗanda kuka nuna.