Wa Ya Taɓa Cikin Rediyon Baba

Ni mutum ne mai zargi, ko kuɗi mai shago ya miƙo min sai na ƙirga a gabansa, kuma ban taɓa jin kunyar halin nan ba sai a kan rediyon mahaifina. Irin tsofaffin nan ne ƙirar Japan, jikin katako, fuskar ƙarfe, da manyan sifiku biyu, ga nauyi sai ka yi nishi kafin ka ɗaga. Da aka zo rabon gado shi na roƙa, na bar wa ƙannena firji da keken ɗinki. Na kawo shi ɗakina a Roni, kullum da la'asar in murɗa allurarsa zuwa tashoshin FM na Kano, kamar yadda Baba yake yi.

Wata rana wuta ta zo da ƙarfi, rediyo ya yi shiru. Na ɗaure shi a bayan babur na kai Babura wurin ɗan kawuna, wanda yake da rumfar gyara a bakin kasuwa, har mutanen Nijar na kawo masa aiki su biya da sefa. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Da ya hango ni sai ya ce ga bawansa nan ya kawo gaisuwa, ni kuma na ce ina bawa ya ga rumfa in ba ubangidansa ya ara masa ba. Kwana uku rediyon ya yi a wurinsa. Ya ce fiyus ne kawai ya ƙone, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.

Ƙin karɓar kuɗin nan shi ya tsaya min a rai. Fiyus ɗaya har kwana uku? Na sha jin cewa masu gyara kan zare kayan asali daga tsohon rediyo su cusa jabu, kuma a ganina wanda ya ƙi ladan aiki ya riga ya biya kansa. Rediyon dai yana magana lafiya lau, amma hankalina bai kwanta ba. Ran Asabar na kwance bayansa don in gani da idona, alhali ban san me nake nema ba. Can kusa da abin da allura ke juyawa na ga wasu ƙananan notuna, wasu a fili, wasu a cikin 'yan gwangwanaye. Na sa sukundireba, sai na ji kowanne yana juyawa sakwaf. Na ce to ga shaida, ya kwance ya yi abin da zai yi, ko ɗaurewa bai tsaya yi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗaure tamau, har wani ya yi ƙas a hannuna.

Da na kunna, FM babu komai sai shuuu daga farkon allura har ƙarshe. Wallahi ko kusa ban kawo aikin hannuna a rai ba. Abin da na ce shi ne jabun da ya sa ya cika kwanakinsa.

Bayan mako biyu muka haɗu da taubashin nawa a wani suna a Gwiwa. Ana cin waina na ce wa mutane su yi hattara da kai masa kaya, don ya yashe rediyon Baba ya bar min kwanko. Aka kwashe da dariya, an ɗauka wasan taubasai ne, shi ma ya yi dariya yana shirin ramawa. Nan ne shaiɗan ya hau ni. Na ce ba wasa nake ba, na rantse. Ya wanke hannunsa a hankali, ya ce, "Yaya, ka kai wa wani ya duba." Bai jira an watse ba ya hau babur ɗinsa. Daga baya na ji maganar ta kai kasuwar Babura, wasu har sun je sun karɓe kayansu ba a gyara ba. A lokacin daɗi na ji.

Na kai rediyon Kazaure wurin wani tsoho mai gyara a bayan tasha. Kafin in tafi sai da na ɗiga jan farcen matata a kan duk wani abu da ke ciki, don kada a maimaita min. Na zauna gwiwa da gwiwa da shi, ko ruwa ban tashi sha ba. Ya kalli ɗige-ɗigen. Ya ɗauko wani siririn sukundireba na roba, ya taɓa noti ɗaya, ya taɓa na biyu, sannan ya cire tabarau.

"Malam, wa ya ɗaure waɗannan?"

Na ce ni ne, da alfahari, na kuma ba shi labarin ɓarawon da ya bar su a kwance. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce waɗannan ba notunan riƙe komai ba ne, da su ake saita kama tasha, kowanne tun daga masana'anta aka tsayar da shi inda ya dace aka ɗiga masa kaki. Ya nuna min kakin a farfashe, da sawun ƙarfena a kai. Ya juya allon da kayan rediyon ke manne a kai, ya nuna min dalmar da ke riƙe da kayan, duk ta dushe da tsufa, babu sabuwa ko ɗigo sai a gindin fiyus. Ba a cire komai ba.

Kai, ka ji halin mutum: sai da na tambaye shi ko ya san wani mai gyara a Babura. Ya ce bai taka garin ba tun yana saurayi.

Wuni guda ya yi a kai. Wanda na fasa ya ciro madadinsa daga wani mataccen rediyo. Sai ya kai allura ƙasa ya murɗa noti ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero, ya kai ta sama ya murɗa wani, ya sake komawa, kunnensa a jikin sifika. Wajen la'asar murya ta fito tar, 'yar jar fitilar da ke fuskar rediyon ta kama. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Tunda a gaban mutane na ɓata taubashina, na zaɓi ranar kasuwa na je Babura. Na tsaya a bakin rumfarsa na faɗi abin da na yi da ƙarfi, yadda maƙwabtansa za su ji, na roƙi gafara. Ya miƙe ya kaɗe min benci, ya sayo min ruwa mai sanyi, ya ce ba komai, ya yafe duniya da lahira. Na ji sanyi, har na yi ƙarfin halin cewa to ai bawa ba ya fushi da ubangidansa. Na jira ya rama.

Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Yau shekara huɗu ke nan. Duk inda muka haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni hannu biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya bai ƙara tsokanata ba.