Kwalin Ganyen da Na Mayar

Mahaifiyata, Philomena Garvey, ta sauka birnin Birmingham daga ƙasar Ayalan a 1951, tana da shekara goma sha tara. Shekara talatin ta yi tana wankin zannuwan asibiti, har fatar hannunta ta tsage. Ba ta iya rubutu sosai ba, ni nake rubuta mata wasiƙa tun ina makaranta.

Duk watan Maris, gab da ranar Waliyyi Patrick, babban bikin mutanen Ayalan, ɗan kwali yakan zo ta gidan waya daga ƙanwarta Bina da ke can gida Ayalan. A ciki akwai ɗanyen ganyen shamrok, alamar ƙasarsu, da ƙasar garinsu manne a saiwar. Sai ta shinshina ƙasar tukuna, sannan ta maƙala mana ganyen a riga.

A 1975 ina aiki a masana'antar motoci. An tayar da bama-bamai a gari watanni kaɗan kafin nan, aka ɗora laifin a kan 'yan Ayalan, duk mai jininsu ana tofa masa yawu a wurin aiki. Na ji tsoro. Da kwalin shekarar ya zo, ni na karɓa a bakin ƙofa. Na rubuta a kai cewa babu mai wannan suna a gidan nan, na kwafi adireshin Bina da manyan baƙaƙe, na mayar.

Wani kwalin bai sake zuwa ba. Mama ta sa na rubuta wa Bina wasiƙa biyu, na ce na aika. Ban aika ba. Har ta rasu, in Maris ya kama, takan zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofa.

Bara 'yata Gillian ta shiga binciken asalinmu. Ta baza takardu a teburin kicin ɗina, ta ture kofin shayina.

"Baba, dubi nan. Takardar aure, takardar wurin aiki, ko'ina 'Ayalan' kawai aka rubuta. Sai ka ce ƙasar ɗaki guda ce! In ban san ƙauyen ba, ba inda za ni."

"To ki bar shi mana. Matattu sun aike ki ne?"

"Kai dai tsoho, in ba injin mota ba, ba abin da ke shiga kanka. Kaka ba ta taɓa faɗa ba?"

Na tashi na wanke kofin, na goge, na sake wankewa. Na ɗauki bironta na rubuta Derrynabrack, da manyan baƙaƙe, yadda na rubuta shi a wancan kwalin.

"Wata shida ina fama, ashe kana da shi!"

Sai na gaya mata komai, a tsaye. Ta tattara takardunta.

Cikin mako uku ta samo jikar Bina. Bina ta rasu a 1981. Da kwalin ya koma mata, ta ɗauka yayarta ta mutu, har ta sa aka yi mata addu'ar mamaci a cocin ƙauyen.

A Maris ɗin nan na hau jirgin ruwa zuwa Ayalan, na je kabarin Bina na ɗebo ƙasa cikin gwangwanin taba. Na kawo na zuba a kan na Mama. Gillian ce ta kai ni maƙabartar, amma ba ta fito daga mota ba.