Ƙofar Farko Ta Yaya Ce

'Yata mai aikin kamfanin waya ce ta haɗa mana layi a rumfunan albasarmu na Anacha. Ta kawo akwati mai ƙofofi huɗu na jona waya, kowace rumfa da tata, kuma kira ta ƙofar farko yake fara shiga. Sai ta ba ni ta farko, ta sa Yayata a ta uku. Yayar da ta kawo ni garin nan!

Na ce sam.

"Inna, akwati bai san babba ba."

"To koya masa, yadda na koya miki."

Tana ƙunƙuni ta sake saitin a kwamfuta. Da kiran Kano ya shigo, rumfar Yaya ya faɗa, tana ta gaisuwa da ƙarfi don kasuwa ta ji.