Hajiya Safara'u, Wadda Ta Nema Mana Karatu a Kasuwar Shanu

Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Safara'u Lajawa a wani asibiti a Kano. Da safiyar ranar ta yanke jiki ta faɗi a tashar Wudil, tana tsaye tana jiran mota ta cika. Ina ofis 'yarta Khairiyya ta kira ni ta faɗa mini. Na ce to, na ajiye waya, na fita na kama tafiya a ƙasa. Sai da na iso gada na tuna ban rufe ƙofar ofis ba.

Hajiya, tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki aiki sai in ajiye. Wannan rubutun ma a tsaye na fara shi.

Ga wanda bai san ki ba: kin yi aikin kula da walwalar jama'a har kika yi ritaya. Rikicin ma'aurata, marayun da dangi suka yi watsi da su, tsofaffin da ba su da mai duba su, duk ƙofarki suke zuwa. Amma abin da ya sa nake rubutu shi ne aikin da kika ɗora wa kanki bayan ritaya, wato nema wa matasa tallafin yin digiri na biyu a wannan fanni naki.

Na taɓa tambayar ki dalili. Kika ba ni labarin wata mata a Utai da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, 'yan uwanta suka ɗaure ta a ɗaki saboda ba su san yadda za su yi da ita ba. Kin yi ta zuwa, kina kai mata abinci, kina lallashin mijinta, har ta rasu a ɗaure. Daga baya wata likita ta shaida miki cewa ciwon yana da magani, kuma akwai hanyar da ake bi a shawo kan iyali su yarda a kai mara lafiya asibiti. Kika kira sunana kika ce, "Godiya, da tausayi kawai na yi aikin nan, tausayi kuwa bai kwance matar nan ba. Ina so waɗanda za su biyo bayana su zo da ilimi."

Lokacin da muka haɗu ina ƙaramar ma'aikaciya a sashen kula da ɗalibai na jami'a, na samu gurbin karatu amma ba ni da halin zuwa. A Wudil aka haife ni, mahaifina Ezekiel aiki ya kawo shi daga kudancin Gombe. Duk inda na nemi tallafi, a nan a ce ni ba 'yar asali ba ce, a can a ce ba a san ni ba. Har na haƙura. Kika same ni a ofis, kika ƙi karɓar kujera, kika ce in shirya ranar Juma'a in sa takalmin da ba na jin tausayinsa.

Kara kika kai ni, kasuwar shanu, cikin taɓo da ƙuda da hayaniyar dillalai. Muka tsaya gaban Alhaji Gwadabe, babban ɗan kasuwar dabbobi, mutumin da ba ya son dogon zance. Ya dube ni, ya tambayi sunana. Sannan ya ce, "Hajiya, namu na gida sun ƙare ne?"

Kika ce, "Alhaji, ranar da ɗan autanka ya sha abin da ya sha a makaranta, wa ya zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, bai kuma tona asirinku ba? Ga ta nan tsaye. Ta gida ce."

Ni ban ma san yaron ɗansa ba ne. Ke kin sani, saboda ba kya zuwa gaban mutum sai kin gama bincike. Alhaji ya ɗauki nauyin karatuna har na kammala.

Haka kike da kowa. Masu sayar da kifi a bakin gada, masu motocin haya, wata ƙungiyar mata manoma a Lajawa, babu wanda ya tsira daga gare ki. In kin ji wata gidauniya daga waje ta buɗe ƙofa, sai ki tara mu a tsakar gidanki, ki sa mu maimaita abin da za mu faɗa a gaban masu tantancewa, kina kaiwa kina komowa, shayinki yana hucewa a kan tabarma. Kina da faɗa, Hajiya, wannan ba zan ɓoye ba. Wanda ya yi sakaci har wa'adi ya wuce, sai ya gwammace bai haɗu da ke a hanya ba. Sharaɗinki ɗaya ne: in ka gama, ka dawo ka yi wa mutanen nan aiki ko na ɗan lokaci ne. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Waɗanda ba su dawo ba, ban taɓa jin kin ambaci sunansu da sharri ba.

Ranar da kika faɗi a tasha, Muhsin kike shirin kaiwa wurin wani mai taimako a Kano. Muhsin ɗalibi ne mai lalurar gani, yana tsakiyar karatunsa. Shi ne a gefenki, shi ya ji hannunki ya saki nasa. A zaman makoki ya matso kusa da ni ya ce, "Anti Godiya, yanzu mu da muke tsakiya, ya za mu yi?" Ni dai na san gaskiya: masu bayarwar nan ba wata ƙungiya suka sani ba, ke suka sani.

Juma'ar da ta wuce na koma Kara ni kaɗai. Na zagaya kasuwar ina ƙarfafa zuciyata kafin na iya tsayawa gaban Alhaji Gwadabe. Na yi masa gaisuwar rashi, ya yi mini. Na faɗa masa maganar Muhsin da sauran.

Ya ce, "Ni Safara'u na sani."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Ita ce ta aiko ni tun ranar da ta kawo ni nan."

Ya kalli shanunsa. Sannan ya ce duk waɗanda ya fara da su zai kai su ƙarshe, Muhsin ma a haɗa masa shi. Sababbi kuwa, sai ya ga kamun ludayina. Ban san ko zan iya ba, Hajiya. Ba ni da muryarki, ba ni da shekarunki, akwai ƙofofin da har yanzu ban ƙwanƙwasa ba. Amma na fara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Tijjani, da Khairiyya da ƙannenta, da jama'ar Lajawa, da dukkanmu da muka yi karatu a inuwarki. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da mafificin abin da kika yi mana. Allah ya ba iyalinki haƙurin wannan babban rashi.

Khairiyya, kin ce mini wayar Hajiya har yanzu tana ƙara, iyayen yara daga ƙauyuka da ba su ji labari ba suna neman ta, ke kuma kin rasa abin da za ki ce musu. Ki faɗa musu gaskiya, ki roƙe su su yi mata addu'a. Sannan ki ba su lambata.