Katin Darakta

Masu cewa yaran yanzu ba su da juriya, na san su sarai. Shekara goma sha ɗaya ina share musu ofis a wata ma'aikata a Abuja. Na ga yadda 'ya'yansu ke shiga karatun likita: uban ya zaro ɗan katinsa mai suna da muƙami, ya rubuta layi biyu a bayansa, a kai wa wani a jami'a. Iyakar juriyar ke nan.

'Yata kuwa sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga jami'a, makinta ya kai, sunanta bai fito ba. Daga Kuje take hawa mota zuwa darasi, ta dawo ta taya ni suyar awara. Maƙwabciyata ta ce, "Ke ma dai, kina share wa manya ƙasa, ki kasa roƙon kati ɗaya? Girman kai rawanin tsiya."

Na je na durƙusa wa daraktan da nake wanke wa banɗaki, na roƙe shi kati don 'yata ta shiga karatun likita.

"Likita?" Ya yi dariya. "Mama, 'yar taki?"

"Ita, ranka ya daɗe."

Ya rubuta ya miƙo, ko ambulan bai sa ba. Don me zai sa? A wurinsa mai tsintsiya ba ta karatu. Bai san na shiga makarantar yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in ba.

A matattakala na tsaya na haɗa baƙi. Da Turanci ya rubuta: 'yar mai shararmu ce, a ba ta duk fannin da ya rage.

Wanda ya rage! Sai ka ce ƙanzon tukunya.

Na karanta wa 'yata a gida, ban ɓoye komai ba. Na ce, "In muka kai, bana kin shiga, amma ba likita ba. Zaɓi."

Ta karɓa ta duba, sannan ta ce, "Umma, teburina yana rawa." Ta ninke katin ta cusa ƙarƙashin ƙafarsa.

Shekara guda cur ta sake yi a kan teburin nan, ƙawayenta suna zuwa hutu suna mata jaje. A karo na uku sunanta ya fito a fannin likita, a wata jami'a mai nisa.

Da labari ya kai wa darakta, ya tare ni yana washe baki. "Mama, kin ga aikin katina?"

"Ya yi aiki, ranka ya daɗe. Teburin bai ƙara rawa ba."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Irinsu ba sa tambayar mai shara.