Bulala a Tsohon Ginin Taliyan

Wallahi tallahi abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi da rana tsaka, shekarun da nake zaune a unguwar Tayuri cikin garin Sabha, can ƙasar Larabawa, lokacin da kowane saurayi ke yawo da bindiga ba mai ce masa kanzil. Ni magini ne, daga Damagaram na je, kullum da safe muna zaman jiran aiki bakin titi ni da abokina Ilu, wani Ba'adare mai ƙarfi kamar raƙumi.

Ran nan wani dattijo Balarabe, Hajji Salim, ya ɗauke mu zuwa wajajen wani kwari da ake kira Wadi Bawanis, ya kai mu wani tsohon ginin soja bisa tudu wanda Turawan Italiya, da su can suke ce wa Taliyan, suka bari. Kai, ginin nan ya ga wulaƙanci! An cire ƙofofi, an yi rubuce-rubuce da fenti, bango duk ramin harsashi. Hajji ya ce shi da dattawan garinsu sun gaji da zirga-zirgar ofisoshi suna roƙon a gyara shi a kafa dokar kare shi, ba wanda ya saurare su, shi ne ya ce bari ya toshe abin da zai iya.

Na ce, "Hajji, ginin waɗanda suka zalunce ku za ka gyara?"

Ya ce, "Ɗana, Taliyan zanen ginin kawai ya yi. Duwatsun nan a bayan kakana suka hau tudun nan, ana tsula masa bulala."

Muna cikin kwaɓa siminti wajen azahar sai ga mota buɗaɗɗiya ta turnuƙe mu da ƙura, samari da bindigogi suka diro, wai sun ji Taliyan ya binne zinariya ƙarƙashin bangon. Hajji ya tsaya gabansu ya buɗe hannuwa yana haɗa su da Allah, babbansu, wani dogo mai tabo a kunci, ya juya gindin bindiga ya maka masa a baki. Na ga haƙoran tsohon nan a ƙasa, jini ya jiƙe masa gemu. Ilu ya yunƙura zai tare, suka taru a kansa da takalma har na ji ƙashin hannunsa ya ce ƙas. Ni kuwa aka ɗora mini bakin bindiga a wuya aka miƙo mini diga, wai in fasa. Ina ɗagawa digar ta suɓuce, dogon ya zage ni ya shure ni a ciki, ya ɗauka da kansa ya hau saran bangon har wani babban dutse ya gangaro.

Sai muka ji fyau, tas!

Jama'a, ƙarar bulala ce, duk wanda ya taɓa kiwo ya san ta. Dogon ya gantsare ya kurma ihu, rigarsa ta tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu, jini ya biyo. Kuma na rantse da Wanda raina ke hannunsa, babu kowa a bayansa, fili ne fetal sai rana. Aka ƙara, aka ƙara, fatar bayansa na darewa muna kallo. Yaransa suka rikice suka buɗe wuta ko'ina, harsashi ya daki bango ya dawo ya fasa cinyar ɗayansu.

Abin da har yau ke tayar mini da tsigar jiki shi ne dogon bai gudu ba. Sunkuyawa ya yi yana kuka kamar yaro, ya ciccibi dutsen nan da mutum biyu ba za su ɗaga ba, ya saɓa a kafaɗa ya mayar da shi gurbinsa, ya juyo ya ɗauki wani. Da ya ɗan tsaya numfashi, sai tas! Da ƙyar yaransa suka ja shi cikin mota suka tsere.

A hanyar asibiti na tambayi Hajji ko kakanninsa ne suka tashi. Ya girgiza kai, bakinsa a kumbure, ya ce, "Mutanenmu ba su taɓa riƙe bulala a wurin nan ba, sai dai Taliyan." Daga ranar ban sake taka tudun ba.

Kafin in baro Sabha na ga dogon nan bakin kasuwa, ba takalmi, ba bindiga, ya rame, da dutse a kafaɗa yana tafiya yana zabura. Ya gane ni, ya matso ya raɗa mini da Larabci, "Kauce, yana bayanka."

Ban waiwaya ba, kuma ban san me zan gani ba da na waiwaya. Ku dai 'yan uwa masu zuwa neman abinci ƙasar mutane, in kun ga tsohon gini ku wuce da addu'a, kada ku ɗaga masa ko tsakuwa.