Gambo Mai Gudun Zaɓe

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Sammani, nan bakin titin da ya gangara Mokola, ya san Malam Gambo ko bai so ba. Shi ne mai karkatacciyar hula da jan baki na goro, wanda za ka ji muryarsa tun kafin ka hango teburin. Ni Murja ban taɓa zama a wurin ba, ba mazaunin mata ba ne, amma gida ɗaya muke haya da shi, ɗakina na kallon nasa. Abin da bai gama faɗa wa maza a waje ba, mu yake zuwa ya juye wa a tsakar gida. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba labari aka ba ni ba. Gara kuma in faɗa tun yanzu cewa jinina bai haɗu da nasa ba, ban ga dalilin ɓoyewa ba.

A nan unguwar Sabo aka yanke masa cibiya. Kakansa ne ya zo Ibadan daga wani ƙauye na ƙasar Kano da fataucin goro, ubansa ya zama dillali mai suna, shi kuma ya gaji dillancin ya kashe shi a hannunsa. Zai ce maka kasuwa ce ta lalace. Gaskiyar magana ita ce dillali sai ya iya sauraron mai saye da mai sayarwa, Gambo kuwa bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen zancensa ba. Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, in ka ajiye masa tuwo da amala, amalar zai jawo. Duk da haka in ya ce "gida", ƙauyen kakan nan yake nufi, inda ko hanyar rijiya bai sani ba.

Da goro ya ƙi shi, sai ya koma gyaran ƙasa da baki.

"Matsalarmu ɗaya ce, shugabanci," haka yake farawa, yana kaɗa yatsa. "Ku ba wanda ya cancanta, shebi kuna ji na? Ba ɗan garinku ba, ba mai raba shinkafa ba. Wanda ya san aiki, wanda zai gyara wuta da hanya da asibiti. Amma ina, talakan ƙasar nan bai san ciwon kansa ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar gaskiya ce. Da wani ne yake faɗa, sai in gyaɗa kai. Amma ka matsa wa Gambo ya faɗi wanda ya cancantan, kullum sai ya zama mai irin hularsa ne. Ka ƙara matsawa ka tambaye shi wa ya zaɓa a wancan karon, sai ya tuna ana jiransa a masallaci. Mutumin nan yana da katin zaɓe, a aljihun gaba yake yawo da shi don nuna wa 'yan sanda a hanya, amma tun da uwarsa ta haife shi yatsansa bai taɓa shan tawada ba.

Dalili kuwa sananne ne. Akwai wata al'ada a unguwarmu, in zaɓe ya matso wasu sukan kwashe iyali su yi Arewa har ƙura ta lafa. Ba na zagin kowa a kan wannan. Tsofaffinmu sun ga tashin hankali a baya, sun san in gari ya rikice baƙo ake fara nema. Sai dai Gambo ya mai da abin aikin yi. Da an fara manna hotuna a bango zai shiga shago-shago yana rantsuwa cewa wannan karon Ibadan sai ta kama da wuta, wai ya ji daga majiya mai ƙarfi. Daga nan ya nemi direbobin tirelolin da ke sauke shanu a Akinyele suna komawa, ya loda iyalinsa a bayan mota, a kan sauran ciyawa da warin fitsarin dabba. A ƙauyen ana kiransa Bayarabe, yana murmushin yaƙe. In an faɗi sakamako ya ga ba abin da ya ƙone, sai ya dawo teburin Sammani ya ci gaba da zagin waɗanda suka yi zaɓen tumun dare.

Matarsa Ummukulthum ita ce ke riƙe da gidan. Kunun aya da zoɓo take yi, 'yan okada da masu keke su tsaya a ƙofar zaure su saya. Mace ce mai haƙuri irin wanda yake ba mai kallo haushi. Sau biyu ya taɓa sakinta: na farko a kan miya ta yi gishiri, na biyu don ta je duba mahaifiyarta da ta yanke jiki ta faɗi, ba ta jira ya dawo ta nemi izini ba. Duk biyun shi ne ya bi dattawa yana hawaye har aka mai da ita. Ba wanda bai sani ba a Sabo cewa igiya ɗaya ce ta rage a auren nan, in ta tsinke babu sauran kome.

A zaɓen da ya gabaci wannan ne abin ya faru. Autarsu Fauziyya mai ciwon sikila ce, yarinya mai fara'a da ta kusa gama sakandare. Ummukulthum ta roƙe shi a bar su, yarinyar ba za ta iya wannan doguwar tafiya a bayan tirela ba. Ya ce ita ba ta san siyasa ba. Gaba da Jebba hanya ta cushe, tankoki sun maƙale a ramuka, ba gaba ba baya. Ciwon ya tashi. Ɗan asibitin da suka samu a gefen hanya ba likita, ba wuta, ba jinin ƙari. A wani garin da ba su san kowa ba aka yi mata sutura. Gambo ya dawo yana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu Musulmin da zai yi musu, amma ba ƙaddara ce ta hana a cike ramukan nan ba, ba kuma ita ce ta ɗora yarinya mara lafiya a motar shanu ba.

Tun daga nan Ummukulthum ta canza, a hankali, ba hayaniya. Rediyonta ba ya mutuwa. Ta je ta yi rajista ta karɓo kati, shi ma da saninsa, don a lokacin dariya ya yi. Da aka fito da 'yan takarar shugaban ƙasa, sai ta riƙa sa 'yan okada su tambayo mata direbobin tashar Ojoo, waɗanda suke ratsa jihohi: wancan da ya taɓa yin gwamna, yaya hanyoyin jiharsa suke? Asibitocinsa akwai magani? Wannan fa, me ya taɓa riƙewa, ya bar shi a gyare ko a wargaje? Wata rana tana tace aya ta ce mini, "Murja, ban san ko yatsana zai gyara hanya ba. Amma ba zan sake hawa motar shanu in bar wasu su zaɓa mini ba."

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, da la'asar, Gambo ya shigo yana sauri. Ina wanke-wanke, matar mai gidan haya tana tsince shinkafa, duk a kunnenmu aka yi.

"Oya, ki haɗa kaya. Mota na tashi da safe."

"Malam, ka yi haƙuri," in ji ta. "Ni ba inda za ni bana."

"Ba inda za ki? Abi kin fi ni sanin abin da ke tafe ne?"

"Ban fi ka sani ba. Amma na san abin da ya same ni a hanyar nan. Ka tafi lafiya, ni zan tsaya in yi zaɓe."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Zaɓe! To wa za ki zaɓa? Faɗa mini in ji."

"Wanda na ga ya cancanta, kamar yadda kake faɗa kullum."

Nan fa ido ya raina fata. Ba tsoron lafiyarta ne ya dame shi ba, wannan na rantse. Kunya yake gudu. Yaya za a yi mutumin da ya cika unguwa da cewa gari zai ƙone ya gudu, a wayi gari a ga matarsa a layi da katinta? Me zai ce a teburin Sammani? Ya tsaya tsakiyar gida, ya gyara hula, ya ce da ƙarfi don mu shaida:

"To zauna. Amma in kika taka ƙofar gidan nan kafin in dawo, a bakin aurenki."

Matar mai gida ta saki faranti ta ce, "Haba Malam Gambo, ka san fa abin da ya rage!" Ya ce ya sani, ya kuma maimaita maganar, a natse, kalma bayan kalma. Ya tabbata matar da ta jure shi shekara talatin da 'yan kai ba za ta saida aurenta a kan dangwala yatsa ba. Da gari ya waye ya rataya jaka ya nufi mota shi kaɗai.

Ranar zaɓe na same ta da hantsi ta yi wanka, ta sa hijabinta na zuwa Mauludi, tana zaune bakin gado da katin a cinya. Duk ƙin da nake wa mijinta, sai da na yi ƙoƙarin tsayar da ita.

"Yaya Umma," na ce, "aure ne fa. Ki yi tunani. Ƙuri'a ɗaya ce cikin miliyoyi."

"Na yi tunanin, Murja. Tun da ya tafi shi nake yi." Ta juya katin a hannunta. "In na zauna, shekara huɗu masu zuwa zai sake zuwa da mota, ya ce in kawo jikokina."

Ta daɗe a tsaye cikin zaure. Sannan ta yi bisimilla ta fita, na bi ta a baya. Layin ya yi tsawo, rana ta buɗe, wata tsohuwa Bayarabiya da ta zo da kujerarta ta matsa mata suka zauna tare. Ba abin da ya ƙone a Ibadan ranar nan. Rigimar da na gani kaf ita ce ta wasu samari biyu a kan wa ya riga wani zuwa. Da muka dawo ta shiga ɗaki ta rufe, na jiyo kukanta har cikin nawa ɗakin. Ban yi mamaki ba, uban 'ya'yanta ne, kuma zaman shekarun nan ba wasa ba ne. Wanda ta zaɓa kuwa har yau ba ta gaya wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Labari ya iske Gambo tun kafin ya iso, waya ba ta bar sirri ba. Ko jaka bai ajiye ba ya wuce zauren Malam Abdurrahim, malamin da ya ɗaura auren tun farko. Waɗanda suke wurin sun ce ya yi magana kamar zai haɗiye harshe: wai tsoratarwa ce kawai, wai cikin fushi ne, wai ai ba a bakin ransa ba. Malam ya bar shi ya gaji don kansa, ya aika aka tambaye mu abin da muka ji, sannan ya ce, "Gambo, an tunatar da kai, ka maimaita. Ba ni da ikon ɗaura abin da ka tsinke da bakinka. Za ta yi iddarta a ɗakinta, kai ne za ka nemi wurin kwana."

Ya shigo gidan bayan azahar, ƙurar hanya har gashin ido. Yau ba lacca, ba kaɗa yatsa. Ya nufi ɗakin da ya saba bankaɗa labulensa ba ko sallama, ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Na ga ya kalli labulen, ya kalle mu, ya sauke hannun. Can ƙasa-ƙasa, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya yi sallama.

Ta amsa sallamar. Muka ji motsinta tana jawo mayafi ta rufe jiki. Ba ta ɗaga labulen ba.

"Murja," in ji ta daga ciki, "don Allah tambayi baƙon nan me yake so."